Sunansa Ari, ba Boka Kurungu ba

Baba Ari ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina ɗaura ɗankwali zan tafi makarantarmu ta lise. Kuma ba daga bakin mutum na ji ba. A gurup ɗin ajinmu wata ta turo bidiyo daga wani fim ɗinsa: boka kwance cikin turɓaya yana shure-shure, kumfa na zuba daga bakinsa, a ƙasa an rubuta "Yau kam ta gaske ce", an jera fuskokin dariya. Na ɗauka shaƙiyancin kullum ne. Sai da na fito tsakar gida na tarar da Abba tsaye, waya a kunne, yana salati, sannan na gane da gaske ne.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya, a asibiti a Damagaram. Aikin fim ya je, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Kumfar nan da kuke yi wa dariya, sabulun wanki ne. Shi ya gaya mini. Ya ce wunin ranar bai iya cin abinci ba, duk abin da ya sa a baki sabulu yake ji.

Ku da kuke bina a nan kun san halina. Furanni nake sawa, da ƴan layuka daga littattafan soyayya da nake karantawa. A aji in mushe, wato malaminmu, ya kira sunana muryata ɓacewa take. Amma yau, wallahi, in ban rubuta ba ban san inda zan kai abin ba.

Bari in fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna.

Duk surkullen nan na Boka Kurungu da kuke ji a fim, wanda ke hana ƙannenku fita fitsari, daga bakina yake fara fitowa. Ni nake karanta masa.

Baba Ari bai yi boko ba. In ƴan fim suka aiko masa da takardar rol a hannun direba, sai wani ya karanta masa, shi kuma ya ɗauka da kunne. Da can wani tsohon mushe ne ke yi masa, da aka mai da mushen wani gari sai ya rasa mai yi.

Abba yadi yake sayarwa a kasuwar Gure. In an tashi lekol, wato makaranta, ni nake zama masa a shago ya je salla, ya ci abinci. Baba Ari kuwa sana'arsa ta yau da kullum gyaran keken ɗinki, duk telolin layinmu shi ke duba musu, kuma a bencin shagonmu yake hutawa. Wata rana ya leƙo ya gan ni da littafi ɓoye a bayan tulin atamfa. Na yi sauri na rufe.

Ya ce, "Ƴar Alhaji, ba ƙara zan kai ba. Gaya mini kawai, ya same ta ko bai same ta ba?"

Na ce, "Wa?"

"Saurayin mana. Ai kullum da saurayi a ciki."

Da ƙyar na ce, "Kawunta ya hana."

Ya bugi cinyarsa. "Ni ne ke nan! Ko a littafi ba a bar ni na huta ba."

Daga ranar ya fara kawo mini takardunsa. Abba ya sani, bai hana ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar a gida ba. Ni ina ciki, shi yana benci ya juya baya kamar mai kallon kasuwa, in karanta masa a hankali: "Ku taso, ku taso, ƴan ƙarƙashin tsamiya." Sai ya girgiza kai ya ce, "Da wannan muryar taki ko kaza ba za ta tsorata ba." Sannan ya gyara wuya ya maimaita da tasa, har telan da ke gefenmu ya ɗauke ƙafa daga keke yana a'uziyya. Baba Ari ya yi ta dariya har da hawaye.

In ya dawo daga Damagaram yakan kawo mini littafi naɗe a takarda, ya miƙo a gaban Abba ya ce, "Kilishin ƴar Alhaji ne." Abba ya ce, "Wannan kilishi naka ba ya ƙamshi, Malam Ari." Shi ke nan, kowa ya yi kamar bai gane ba.

To in shi boka ne, ni ce malamar boka. Ku haɗa da ni.

A bencin nan na ji tarihinsa, guntu-guntu. Tun yana saurayi ya fara wasa a gidan matasa na nan Gure. Ya ce ranar farko rol ɗin saurayi ya roƙa, mai koya musu ya kalli haƙorinsa na gaba da ya karye da idonsa da ke ja ko ba barkono, ya ce, "Kai dai Allah ya gama yi maka ado, je ka ɗauko jan ƙyalle." Daga nan aka fara jin sa a rediyo. Daga nan ƴan furoje, masu ayyukan raya karkara, suka riƙa ɗaukarsu shi da abokan wasansa a bayan babbar motar kamiyo ranar kasuwa, Gidigir, Bune, har can Alakos, su yi wasan wayar da kai. Shi ne mai hana matarsa zuwa awo. Shi ne mai sare itatuwa. Shi ne ɓarawon shanu. Ya ce a wani ƙauye wata tsohuwa ta jefe shi da ludayi da gaske, kuma duk rayuwarsa ba a taɓa yaba masa kamar ranar ba.

Da fim ya zo, aka kira shi Damagaram, wani lokaci har Kano. Bai taɓa zama jarumi ba. Mugun kawu, dillali, maigadi mai gulma, sai kuma boka, boka, boka. Ku duba ƙarshen finafinan inda ake jera sunaye. Jarumi da sunansa da na mahaifinsa. Shi kuwa sau da yawa "Boka" kawai suke rubutawa, kamar daga daji suka kamo shi.

Kayan wasansa da hannunsa yake haɗawa. Jan ƙyallen ragowar yadin shagonmu ne. Ƙahon daga mahauta ya karɓo. Layun nan da ke rataye a ƙirjinsa, ni na ga ana cusa su: takardar buhun siminti ce a ciki.

Ya san mutanenmu, shi ya sa yana da wata al'ada. In aka gama wasa a kasuwa ba ya sauka. Sai ya cire jan ƙyallen da ya naɗa a gaban kowa, ya wanke baƙin da ya shafa a fuska, ya ɗauko reza ya farke laya ɗaya, ya buɗe takardar ya ɗaga sama, ya ce, "Ku duba, jama'a, ba komai. Sunana Ari, keken ɗinki nake gyarawa." Kun san abin da suka ce a Gidigir? Wai ya ɓatar da rubutun ne a gaban idonsu. Wai ƙaramin boka ba ya iya haka.

Da yake ba mu labarin dariya yake. Ni ma lokacin dariya na yi.

Yanzu bari in zo kanku, ƴan garinmu, don ku ne kuka fi tayar mini da zuciya.

Ba zan kama suna ba. Amma ina bayan tulin atamfa, kuma ba a ganina, ina ji. Wata Hajiya ta zo kamar mai taya leshi, ta sunkuya kusa da benci ta ce masa maigidanta ya daɗe a Libiya ba waya ba aike, a taimaka a juyo da hankalinsa. Wata ɗanta zai zauna jarrabawa. Wani Alhaji mai rumfa so yake kasuwar maƙwabcinsa ta mutu.

Baba Ari ya ce wa Hajiyar, "Hajiya, wallahi wasa ne. Ni ko akuyata in ta ɓata cigiya nake bayarwa."

Ta ce, "Haba Malam, ai mun sani. Manya haka kuke ɓoye kanku."

Ya ce, "To ki je ki yi ta addu'a, ni ma zan taya ki."

Ta tafi tana murna wai ya karɓi aikin.

Waɗannan su ne dai, in gari ya waye, suke jan ƴaƴansu gefe in ya biyo hanya. Abba ya taɓa cewa a masallaci akwai masu barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsu da tasa. A sahu fa. Abba shi ke matsawa ya cike wurin.

Shi bai damu da kansa ba, ko dai bai nuna ba. Damuwarsa Ya Falmata, matarsa. Shekara da shekaru sunanta a unguwa "matar boka". A famfo ana janye bokiti daga kusa da nata. Kwanakin baya an yi suna a layinsu, ta dafa shinkafa ta aika, aka dawo mata da kwanon yadda ta rufe shi. Ba ta ce masa komai ba. Shi ya shigo ya tarar tana zuba wa kaji.

Wannan kwanon ne ya kawo mu ga haɗuwarmu ta ƙarshe.

Ana gobe zai tafi ya zo shago fuskarsa kamar ranar salla. Ya ce wa Abba, "Alhaji, yanko mini farar shadda. An ce wannan karon dattijon gari zan fito, mai sasanta mutane. Ba ƙaho, ba ƙyalle." Abba ya yanka masa, ya ce Allah ya sa a ga alheri. Da Abba ya tafi masallaci, Baba Ari ya zauna yana ta juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Ƴar Alhaji, ɗauko kaye da bik. Yau ni zan ba ki rol ki rubuta."

Na jawo littafin rubutuna da biro, na ce, "Na wane fim?"

Ya ce, "Na gida."

Wai akwai maganar da yake son gaya wa Ya Falmata, ya gwada ya kasa. Su mutanen da ne, ko sunan juna ba sa kira a gaban mutane. Kuma in ya sassauta murya zai yi magana mai daɗi, sai ta ce, "Malam, wane rol kuma aka aiko?" ta fashe da dariya, shi ma ya biye mata, maganar ta lalace.

Ya ce, "Ni bakina ba ya tafiya sai da takarda. Ki rubuta mini kamar wasiƙa. In na dawo ki karanta mini har in haddace, in je in tsaya gabanta in faɗa, ko dariya take ba zan tsaya ba."

Wayyo, ni da na karanta wasiƙun soyayya ba adadi. Na ce ranata ce ta zo. Na rubuta masa tauraruwa, na rubuta sanyin idaniya, na sa zuciya mai ambaliya, na sa numfashin da ba ya fita sai da sunanta. Na karanta masa ina rufe fuska da hijabi.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Masha Allah. Amma in na gaya wa Falmata numfashina ba ya fita, likita za ta kai ni."

Na ji kunya kamar in shige cikin atamfa.

Ya ce, "Kar ki ji haushi. Naki na samari ne, ki ajiye, zai yi miki amfani. Juya shafi."

Sai ya fara faɗa ina rubutawa. Babu tauraro ko ɗaya. Ya ce ya ga kwanon. Ya ce ya san maganar famfo, ya daɗe da sani. Ya ce shi ana tafa masa a kasuwa, ita ce ke biyan tafin a unguwa, kuma ba ta taɓa ce masa ya bari ba. Sauran ba zan sa a nan ba, ba naku ba ne. A ƙarshe ya sa wata kalma ta Barbarci, sunan da yake kiranta da shi in su kaɗai ne. Ya sa na yi ta maimaitawa har na iya faɗarta daidai, don kar in koya masa kuskure.

Da muka gama ya share ido da hular ya ce, "Ƙurar yadi ce." Ya ɗauki shaddarsa. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, "Ki gyara rubutun, kar ki ƙara mini tauraro a ɓoye."

Ban ƙara ba, Baba. Wallahi ban ƙara ba.

Yau ƴan fim ɗin sun sa hotonsa na ƙarshe a wurin aiki. Na buɗe ina neman farar shadda. Jan ƙyalle ne, da ƙaho, da layu. Ban san abin da ya faru ba, ko ra'ayi suka canza, ko tun farko daɗin baki suka yi masa don ya zo. Na dai san ya tafi da rigar dattijo, suka mai da shi ƙarƙashin tsamiya.

Wani jarumi ya sa hoton da suka ɗauka tare, ya rubuta "mun yi babban rashi", amma fuskarsa ce ta cika hoton, Baba Ari rabin kafaɗa da kunne ɗaya. Wata ta yi bidiyo tana kuka da kiɗa a baya, gashin ido bai motsa ba. Dukansu "Allah ya jiƙan Boka Kurungu" suka rubuta. Kun yi shekaru kuna aiki da mutum, sunansa ma ya gagare ku? Wa kuke nema wa rahama? Boka Kurungu ya mutu sau nawa a gabanku, kuna tafi. Wanda ya mutu jiya sau ɗaya ya mutu.

Bayan azahar aka kawo shi, aka kai shi makwancinsa. Abba ya je. Da ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba. Inna ta ce, "An samu jama'a?" Ya ce, "Teloli sun rufe shaguna sun zo." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban da su, ba sai na faɗa ba."

Teloli, Allah ya saka muku da alheri. Ku kun san hannun da ke gyara muku keke.

Sauran kuwa, tir. Kun iya sunkuyawa kusa da benci ku yi raɗa, ba ku iya tsayawa bayan gawarsa ku yi kabbara. Da ya ce muku takardar siminti ce kun ƙaryata shi. Da a ce ya karɓi abin hannunku ya yi muku ƙarya, na san da yau layinsu ba ya biyuwa don jama'a.

Wasiƙar tana nan cikin littafin da ya kawo mini na ƙarshe. Tun safe nake buɗewa ina rufewa.

Ya Falmata ma ba ta karatu. Ba abin da zan aika yaro ya kai ba ne. Sai dai in shiga gidan da ƙafata, in durƙusa gabanta tana takaba, in buɗe baki in karanta, a gaban duk wadda ke zaune a ɗakin. Ni da ko "na'am" ba a ji in na amsa.

Ɗazu na ce wa Inna zan je gaisuwa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Gidan wa?"

Na ce, "Gidan Baba Ari."

Ta ce, "Abbanku ya je, ya isa. Budurwa kamarki me zai kai ki gidan nan? So kike a ce an gan ki kin je neman wani abu?"

Na ce, "Inna, ba boka ba ne."

Ta ce, "Ni ma ban ce shi ne ba. Amma bakin mutane fa?"

Kun gani? Innata ba muguwa ba ce. Ba ta taɓa janye bokitinta daga na kowa ba. Tsoronku take ji. Haka kuka mai da garin.

Na koma ɗaki na yi kuka, na ce to a bari, wa ya san da wata takarda? Sai na tuna kwanon. Ya Falmata tana can tana zaton bai lura ba. Ta zuba wa kaji ta yi shiru don kar ransa ya ɓaci, ba ta san ya ɗauki abin har kasuwa yana juya hula ba. In na yi shiru haka za ta zauna har nata lokacin ya zo. A duniya ni kaɗai na rage da na ji maganar nan daga bakinsa.

Don haka na rubuta wannan a fili, don kar gobe wani ya ce ya gan ni na shiga a ɓoye. Inna, na san kafin magariba wata za ta nuna miki. Ki yafe mini, ban taɓa ƙetare maganarki ba, kuma yanzu ma ba zan fita ba sai na zo na durƙusa na gaya miki komai da bakina, tun daga kilishin. In kin yarda ki raka ni, zan fi kowa murna. In kin ce sai da Abba, na riga na tambaye shi, ya ce zai tsaya mini a ƙofa.

Gobe da safe zan kai mata. Muryata za ta yi rawa, na sani. Ko kaza ba za ta tsorata ba. Amma zan karanta har kalmar ƙarshe, ko kuka take ba zan tsaya ba.

Ya Allah, ga bawanka Ari ya zo. Kai ka san abin da ke cikin layunsa da abin da ke cikin ƙirjinsa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka tufatar da shi farin da bai samu sawa ba, ka sa shi a sahun da ba a barin fili. Ka ba Ya Falmata haƙuri, ka ba ni baki gobe.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ka goge bidiyon nan daga wayarka, ka yi masa addu'a. Kuma in za ka yi, ka kira shi Ari.